Ikon karɓar haraji: yadda Amurka ta ƙwaci kanta ta kafa gwamnati

Kowane wata kwamishinonin kuɗi na jihohi kan hallara a raba abin da ya shigo asusun tarayya, na Kaduna ya dawo da kasonmu, a biya albashi. Mun saba da wannan har muna ɗaukar cewa haka tarayya take a ko'ina: kuɗi a tsakiya, jihohi su miƙa hannu. Amurkan da muka kwaikwayi tsarinta a 1979 da akasin haka ta fara. Daga 1781 zuwa 1789 gwamnatin tsakiya ce ke aika wa jihohi takardar roƙo, su ba da abin da suka ga dama, ko su yi kunnen uwar shegu. Ɗalibanmu masu karatun tarihi da darasin gwamnati galibi sukan haddace 4 ga Yulin 1776 da sunan George Washington, shi ke nan. A ganina duk mai son gane lamarin ya sa ido kan haraji: wa ke da ikon yanka shi, wa ke karɓa, me ake yi wa wanda ya ƙi biya.

Bashin yaƙi

Yankunan mulkin mallakar Birtaniya 13 ne a bakin tekun Atlantika, daga Bajiniya da aka kafa a 1607 zuwa Jojiya a 1733. Kowanne da gwamnansa, yawanci naɗin Sarkin Ingila, da majalisar da masu dukiya ke zaɓa. Majalisar yankin ce ke yanka haraji, a wurare da dama kuma ita ke biyan gwamna albashi. Gwamnan da ya yi taurin kai sai a riƙe masa kuɗinsa har ya sauko. Sun fi shekara ɗari a kan haka.

A 1754, shekarar da aka haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, faɗa ya kaure tsakanin Birtaniya da Faransa a kwarin kogin Ohio. Aka gama a 1763 Birtaniya ta yi nasara, ta samu Kanada da ƙasar da ke gabas da kogin Misisipi, amma bashin da ke kanta ya kusan ninkawa, ya haura fam miliyan 120. Ga shi kuma ta yanke shawarar ajiye soja kimanin 10,000 a can. Landan ta ce mutanen yankunan su ɗauki wani kaso na ɗawainiyar. Ta kuma hana su ƙetare duwatsun Appalachia su kama ƙasa, don kada su jawo sabon yaƙi da 'yan asalin ƙasar, abin da ya ɓata wa masu cinikin filaye rai, har da Washington kansa.

Dokar Sukari ta 1764 ta ma rage haraji ne. Kuɗin fito na baƙin ruwan raken da ake shigowa da shi ya sauka daga sisi (kwabo 6) zuwa taro (kwabo 3) a kowane galan. To me ya jawo ƙorafi? Ai sisin ba wanda ke biya, ɗan abin hannu ake bai wa kwastan a wuce. Taron kuwa da gaske za a karɓa, kuma wanda aka kama da fasa-ƙwauri za a iya kai shi kotun harkokin teku, inda alƙali kaɗai ke yanke hukunci, babu maƙwabtan da za su zauna su taya shi shari'a su wanke ɗan garinsu.

Dokar Kan Sarki ta 1765 ita ta taɓa kowa. Duk takardar kotu, lasisi, takardar ciniki da jarida sai an buga ta a takarda mai tambarin gwamnati da aka saya. Jarida kwabo ko rabinsa gwargwadon girmanta, kowane talla sule 2, kwalin karta sule 1, lasisin lauya fam 10. Kuma da tsabar kuɗin Ingila za a biya, wanda ya yi ƙaranci ainun a yankunan. Kuskuren Landan biyu ne. Na farko, ta ɗora nauyin a kan lauyoyi, masu jaridu da 'yan kasuwa, wato masu baki da alƙalami. Na biyu, dokar ba ta aiki sai da dillali ɗan gari da zai sayar da takardun. Masu adawa suka gane haka, suka bi dillalan gida-gida. A Boston aka farfasa gidan Andrew Oliver a watan Agusta, ya ajiye aikin. Kafin 1 ga Nuwamba, ranar fara aiki da dokar, kusan ba sauran dillali. Wakilan yankuna 9 suka taru a New York suka ce majalisar da ba su da wakili a cikinta ba ta da hurumin ɗora musu haraji. 'Yan kasuwa suka daina sayo kayan Ingila, masu masana'antun can suka kai kuka majalisarsu, a Maris 1766 aka soke dokar. Ranar da aka soke ta kuma aka kafa wata mai cewa majalisar Birtaniya na da ikon yi wa yankunan doka a kan komai.

A 1767 ministan kuɗi Charles Townshend ya sa fito a kan gilashi, dalma, fenti, takarda da ganyen shayi. Kuɗin ba wani mai yawa ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, da shi za a riƙa biyan gwamnoni da alƙalai, a raba majalisun yankuna da igiyar da suke jan su da ita. Aka koma ƙaurace wa kaya, aka jibge soja a Boston, ranar 5 ga Maris 1770 suka buɗe wuta suka kashe mutum 5, cikinsu har da Crispus Attucks mai jinin Afirka. John Adams, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa na biyu, shi ya tsaya wa sojojin a kotu, aka wanke 6 cikin 8. A shekarar aka janye harajin duka sai taro ɗaya a kowace laba ta shayi, don dai a nuna ikon yana nan.

Shayin ne ya ƙarasa abin. A 1773 aka ba Kamfanin Gabashin Indiya damar kai shayinsa kai tsaye, har ya fi na fasa-ƙwauri araha, amma da taron nan a ciki. New York da Filadelfiya suka mai da jiragen. A Boston gwamna Thomas Hutchinson ya hana su fita, ga kuma ƙa'idar kwastan cewa kayan da suka kwana 20 ba a biya musu fito ba za a ƙwace a sauke. Daren 16 ga Disamba, wa'adi na gab da cika, aka hau jiragen uku aka zubar da akwati 342 a ruwa. Landan ta rufe tashar Boston, ta karɓe wa Massachusetts ikon zaɓen manyan jami'anta.

A Satumbar 1774 wakilai 56 daga yankuna 12 suka zauna a Filadelfiya, Jojiya ba ta zo ba. Ba 'yanci suka nema ba tukuna. Amma sun yi abin da ya fi sanarwa tasiri: sun hana shigo da kayan Birtaniya daga 1 ga Disamba, suka ce kowace gunduma da kowane gari ya zaɓi kwamitin da zai binciki 'yan kasuwa ya buga sunan mai saɓawa a jarida. Waɗannan kwamitoci su suka zama hukuma a ƙasa, suna tara albarushi, suna horar da 'yan sa-kai, gwamnonin Sarki na kallo.

Yaƙi da kuɗin takarda

Aka fara harbi a Lexington da Concord ranar 19 ga Afrilu 1775. A watan Yuni Majalisar Nahiya, wato taron wakilan yankunan a Filadelfiya, ta kafa runduna ta ɗora Washington a kai, ɗan Bajiniya, don yankunan kudu su ji yaƙin nasu ne, ba na mutanen Boston kaɗai ba. An yi fiye da shekara ana gwabzawa kafin a ayyana 'yanci. Ranar 2 ga Yulin 1776 aka kaɗa ƙuri'a, yankuna 12 suka yarda, New York ta ƙaurace, ranar 4 aka amince da takardar da Thomas Jefferson ya tsara. Majalisar ta cire sakin layin da ya soki cinikin bayi. Mutanen yankunan kimanin miliyan biyu da rabi ne a lokacin, kusan ɗaya cikin biyar bayi.

Ba zan bi fagagen daga ɗaya bayan ɗaya ba. Washington ya sha kashi fiye da yadda ya yi nasara, ya rasa New York a 1776, Filadelfiya ta faɗi a 1777. Gwanintarsa ita ce hana rundunar watsewa. Wurare biyu suka juya al'amarin. A Saratoga, Oktoban 1777, Janar Burgoyne na Birtaniya ya miƙa wuya da soja kusan 6,000, abin da ya sa Faransa, wadda dama ke turo makamai a ɓoye, ta ƙulla ƙawance a fili a Fabrairun 1778. Sifaniya ta shigo a 1779. A Yorktown kuma, jiragen ruwan Faransa ne suka toshe bakin Chesapeake suka hana ɗauki zuwa, sojojin Washington da na Janar Rochambeau na Faransa suka yi ƙawanya, Janar Cornwallis na Birtaniya ya sallama ranar 19 ga Oktoba 1781. Ba don jiragen Faransa da bashinta ba, da wuya a kai ga haka. Yarjejeniyar Faris ta 3 ga Satumba 1783 ta ba sabuwar ƙasar iyaka har Misisipi, ba tare da an tuntuɓi 'yan asalin ƙasar da ke zaune a wurin ba.

Akwai reshen labarin da ya iso Afirka ta Yamma. A 1775 gwamnan Bajiniya, Dunmore, ya yi alkawarin 'yanta duk bawan ɗan tawaye da ya gudo ya shiga sahun Sarki. Bayan yaƙi aka kwashe baƙaƙe kimanin 3,000 daga New York, akasari zuwa Nova Scotia da ke Kanada ta yau, a 1792 kusan 1,200 daga cikinsu suka ƙetaro Saliyo suka kafa Freetown. Maroko kuma na cikin ƙasashen farko da suka buɗe wa jiragen Amurka tashoshinsu, tun 1777.

Da me aka yi yaƙin? Majalisar Nahiya ba ta da ikon haraji, sai ta kama buga kuɗin takarda, sama da dala miliyan 240 tsakanin 1775 da 1779, jihohi ma kowace na buga nata. Ba zinariya a baya, ba harajin da zai janye takardun daga hannun jama'a, ga Birtaniya na watsa na jabu. A Maris 1780 Majalisar da kanta ta ce dala 40 ta takarda ita ce dala 1 ta azurfa, bayan shekara guda ba mai karɓarta. Wannan ne ya sa a sansanin Valley Forge, a sanyin 1777 zuwa 1778, soja kimanin 2,000 suka mutu da cuta da yunwa a tsakiyar ƙasar noma. Manoma sun gwammace su kai hatsi Filadelfiya, inda Turawan Ingila ke biya da tsaba.

Gwamnatin da ke bara

Tsarin mulkin farko, Yarjejeniyar Ƙawancen Jihohi, an tsara shi a 1777, bai fara aiki ba sai 1 ga Maris 1781, saboda Maryland ta ƙi sa hannu har sai manyan jihohi sun saki filayen yamma da suke iƙirari. Majalisa ɗaya ce, kowace jiha ƙuri'a ɗaya komai girmanta. Babu shugaban zartarwa, babu kotunan tarayya na yau da kullum. Manyan al'amura kamar yaƙi, yarjejeniya da cin bashi sai jihohi 9 sun yarda, gyaran tsarin kuwa sai 13 ɗin duka. Mutanen da suka yi tawaye kan harajin wata majalisa mai nisa ba su yarda su ƙirƙiro wata a gida ba. Majalisa ta yanka wa kowace jiha kasonta, jiha ta tara ta aiko.

Wanda ya taɓa ganin karo-karon gyaran taransfoma a Rigasa ko Unguwar Rimi ya san ƙarshen wannan tsari: kowa na jira ya ga maƙwabcinsa ya biya, tunda in wuta ta dawo kowa zai sha. A 1781 Majalisar ta nemi dala miliyan 8, abin da ya shigo cikin shekara biyu bai kai miliyan ɗaya da rabi ba. Aka nemi gyara don ta riƙa karɓar kashi 5 cikin 100 a kan kayan da ake shigowa da su, Rhode Island ita kaɗai ta kashe maganar. Aka sake gwadawa a 1783, wannan karon New York ta tsaya, domin fiton tasharta shi ne abincinta.

Sakamakon bai ɓuya ba. A Maris 1783 hafsoshin da ba a biya ba suka fara ƙus-ƙus a Newburgh, sai da Washington ya je da kansa ya lallashe su. A Yuni wasu ɗaruruwan sojoji suka kewaye zauren Majalisa a Filadelfiya, Pennsylvania ta ƙi turo 'yan sa-kai, Majalisar ta tattara ta gudu Princeton. Birtaniya ta ƙi ficewa daga sansanoninta irin su Detroit da Niagara, tana cewa jihohi sun hana 'yan kasuwarta karɓar basussukansu, kuma gaskiya ta faɗa. Sifaniya ta rufe bakin Misisipi a 1784. Massachusetts ta ƙaƙaba haraji mai nauyi da tsabar kuɗi don biyan bashinta, kotuna suka shiga ƙwace gonaki, manoma ƙarƙashin Daniel Shays, tsohon kyaftin na yaƙin, suka rufe kotunan, a Janairun 1787 suka nufi ma'ajiyar makamai ta Springfield. Attajiran Boston ne suka haɗa kuɗin rundunar da ta murƙushe su.

Kada a ce gwamnatin ba ta tsinana komai ba. Dokar filaye ta 1785 ta yanka ƙasar yamma gunduma-gunduma, mil 6 tsawo mil 6 faɗi, kowace an raba ta gida 36 masu eka 640, gida na 16 an ware shi don makaranta. Ta 1787 ta ce yankin da ya tara 'yantattun mutane 60,000 zai iya zama jiha daidai da tsofaffin, ta kuma haramta bauta a arewacin kogin Ohio. Masu fama da rikicin filaye a gefen garin Kaduna za su gane amfanin auna ƙasa tun kafin a sayar.

Filadelfiya, 1787

An kira taron ne don gyaran yarjejeniyar, mahalarta suka ajiye ta gefe suka rubuta sabuwa. Wakilai 55 daga jihohi 12, Rhode Island ta ƙi zuwa, daga 25 ga Mayu zuwa 17 ga Satumba, ƙofa a rufe, ba a fitar da magana. Sirrin ya ba mutum damar sauya ra'ayi ba tare da jin kunya ba.

James Madison ya zo da shiri: majalisu biyu, duka bisa yawan jama'a. Ƙananan jihohi ta bakin William Paterson na New Jersey suka ce a bar ƙuri'a ɗaya ga kowace jiha. Aka yi makonni ana ja, ranar 16 ga Yuli aka daidaita da ƙyar, jihohi 5 na so 4 na ƙi: majalisar wakilai bisa yawan jama'a, wa'adin shekara 2, majalisar dattawa mutum 2 daga kowace jiha, wa'adin shekara 6, majalisun jihohi ne ke zaɓensu (sai 1913 aka mai da zaɓen hannun jama'a). Aka ƙara da cewa duk dokar haraji daga majalisar wakilai za ta faro. Wannan shi muka gada: Kaduna da Bayelsa sanata uku-uku, amma a majalisar wakilai Kaduna na da 16, Bayelsa 5.

Sai tambayar wa za a ƙirga. Kudu na son a ƙirga bayi don kujerunta su yawaita, alhali ba ta ba su ƙuri'a. Aka tsaya a kan kowane bawa 5 a lissafa su 3, wajen rabon kujeru da wajen harajin kai tsaye. An hana majalisa taɓa shigo da bayi kafin 1808, an wajabta mai da bawan da ya gudu wata jiha, an hana haraji kan kayan da ake fitarwa don kare taba da shinkafar kudu. Ƙidayar 1790 ta samu mutum miliyan 3.9, kusan 700,000 bayi. Tunda harajin kai tsaye ba kasafai aka ɗora shi ba, kudu ta ci ribar kujerun ba ta biya farashin ba, kuma ƙarin ya bi ta har zaɓen shugaban ƙasa, domin wakilan zaɓe daga jihohi ne ke zaɓen shugaba, yawan na kowace jiha kuma shi ne kujerunta na majalisu biyun a haɗe.

Shugaba wa'adinsa shekara 4, yana iya ƙin sa hannu a doka, majalisu su tsallake shi da kashi biyu bisa uku. Majalisar dattawa ke tantance naɗe-naɗensa. Wajen tsigewa an raba aikin: wakilai su tuhuma da rinjaye, dattawa su yi shari'a, ba a cire shi sai da biyu bisa uku. Mu a Kaduna mun ga wannan makami a hannun majalisa guda. Balarabe Musa na PRP ya yi mulki ba kwamishinoni saboda majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da sunayensa, a Yunin 1981 kuma ta tsige shi. Masu taron Filadelfiya ba su yi lissafin jam'iyyu ba sam, mu kuma muka ɗauki tsarin da jam'iyyu a cike.

Babban canjin dai shi ne majalisar tarayya ta samu ikon ɗora haraji da fito a kan mutum kai tsaye, ba ta hannun jiha ba, da ikon tsara ciniki, aka kuma hana jihohi buga kuɗi. Mutum 39 suka sa hannu. George Mason da wasu biyu suka ƙi, shi babban dalilinsa rashin jerin haƙƙoƙin ɗan ƙasa.

Dabarar amincewa ma abin lura ce: ba majalisun jihohi aka kai wa ba, tarurruka na musamman aka zaɓa, kuma jihohi 9 sun isa. Delaware ta fara a Disambar 1787, New Hampshire ta cika tara a Yunin 1788. Manyan da ƙyar aka sha: Massachusetts 187 da 168, Bajiniya 89 da 79, New York 30 da 27, bisa alkawarin gyara. Madison ya cika alkawarin, majalisa ta tura gyare-gyare 12, guda 10 suka tabbata a Disambar 1791, cikinsu da 'yancin addini, magana, jarida, da hana bincike ba izini.

Kwastan, bashi da barasa

An rantsar da Washington a New York ranar 30 ga Afrilu 1789. Cikin dokokin farko akwai ta fito, ranar 4 ga Yuli: kashi 5 cikin 100 a kan yawancin kaya, da ƙayyadadden kuɗi a kan wasu. Jirgin ɗan ƙasa santi 6 a kowane tan, na baƙo santi 50. Aka naɗa masu karɓa a tashoshi, a 1790 aka ba da izinin ƙera ƙananan jiragen sintiri 10 don farautar 'yan fasa-ƙwauri. An zaɓi fito ne saboda ya fi sauƙin karɓa: tashoshi kaɗan, 'yan kasuwa kaɗan, talaka ba ya ganin mai karɓa a ƙofarsa. Dokar shari'a ta shekarar ta kafa kotun ƙoli mai alƙalai 6 ƙarƙashin John Jay da kotunan gunduma 13.

A Janairun 1790 sakataren baitulmali Alexander Hamilton ya kawo lissafi: bashin waje kusan dala miliyan 12, na cikin gida kimanin miliyan 40, na jihohi wajen miliyan 25. Ya ce a karɓi tsofaffin takardun bashi a ba da sababbi, a riƙa biyan ruwa daga kuɗin fito, tarayya kuma ta ɗauke na jihohi. Rigima biyu ta taso. Tsofaffin sojoji da yawa sun riga sun sayar da takardunsu da arha ga 'yan baranda, Madison ya ce a raba kuɗin da mai asali. Hamilton ya ce takardar da gwamnati za ta tsaya tambayar wa ya fara riƙe ta ba mai ƙara saye, kuma ra'ayinsa ya yi rinjaye. A wajen lissafi yana da gaskiya, a wajen adalci sojojin an cuce su. Ta biyu, Bajiniya ta biya yawancin bashinta, Massachusetts da Carolina ta Kudu ba su biya ba. Aka sasanta: kudu ta bari a ɗauke bashin jihohi har dala miliyan 21.5, ita kuma ta samu babban birni a bakin kogin Potomac daga 1800. Abin da Hamilton ke nema a fili yake. Attajirin da gwamnatin tarayya ke biya ruwa duk wata uku ba zai so ta rushe ba. A 1791 aka kafa bankin ƙasa, jarin dala miliyan 10, gwamnati na da kashi ɗaya bisa biyar, lasisin shekara 20, Jefferson na cewa tsarin mulki bai ba da wannan iko ba. Daga wannan saɓani jam'iyyu biyu na farko suka tsiro.

Fito bai isa biyan sabon nauyin ba, sai aka sa haraji kan barasar da ake dafawa a gida. Manoman yammacin Pennsylvania ba sa iya tsallaka duwatsu da hatsi, barasa suke mai da shi, da ita ma suke ciniki don ƙarancin kuɗi. Dokar ta nemi tsaba, manyan masu dafawa na biyan kuɗi dunƙule wanda ya fi sauƙi a kan galan, wanda aka tuhuma kuma sai ya yi tafiyar kusan mil 300 zuwa kotu a Filadelfiya. A Yulin 1794 aka ƙone gidan jami'in haraji John Neville. Washington ya tara 'yan sa-kai kusan 13,000 daga jihohi huɗu, kafin su isa taron ya watse. Mutum 2 aka samu da cin amanar ƙasa, ya yi musu afuwa.

Zaɓen 1800 ya tona wani gibi. Kowane wakilin zaɓe ƙuri'a biyu yake jefawa ba tare da bambance shugaba da mataimaki ba, sai Jefferson da abokin takararsa Aaron Burr suka tashi 73 da 73. Majalisar wakilai ta kaɗa ƙuri'a sau 36 kafin Jefferson ya fita a Fabrairun 1801, John Adams ya sauka ya ba abokin hamayya wuri, aka toshe gibin da gyara na 12 a 1804. Jefferson ya soke harajin barasa a 1802 ya dogara da kwastan. A 1803 Napoleon na Faransa ya sa yankin Louisiana da ke yamma da Misisipi a kasuwa kan dala miliyan 15, babu wannan kuɗi a baitulmali. Miliyan 11.25 daga ciki da takardun bashi masu ruwa kashi 6 aka biya, bankunan Baring na Landan da Hope na Amsterdam suka karɓe su suka ba Faransa tsaba, ragowar miliyan 3.75 kuma Amurka ta ɗauki nauyin biyan 'yan ƙasarta diyyar da suke bin Faransa. Faɗin ƙasar ya kusan ninkawa.